A Duba Kafin A Ba Da Magani: Aikin Da Ake Tsallakewa A Fagge Da Sabon Gari

Da an idar da sallar Magariba ake fara cinikin gaske a shagunan kemis na Fagge. 'Yan Kantin Kwari sun rufe shaguna, teloli sun ɗaga ƙafa daga kan keke, masu Adaidaita Sahu sun fara lissafin balas. A lokacin ne maigida yake tunawa tun da safe aka gaya masa jikin yaro da zafi.

Sai ya tsaya a bakin kanta ya ce, "Malam, a haɗa min na zazzaɓi, na dubu ɗaya." Mai shago ya ɓallo wannan, ya yanko wancan da almakashi, ya ƙulle a farar leda, ya ce biyu da safe biyu da dare. Yaron da ake maganarsa kuwa yana can gida a kwance. Ba a tambayi shekarunsa ba, ba a ji kwana nawa ya yi yana fama ba, balle a ga yadda ƙirjinsa ke ɗagawa.

Idan ka tsallaka Sabon Gari, salo ne kawai ya bambanta. A wasu ƙananan asibitocin kuɗi da ke saman benaye, kafin mara lafiya ya gama gyara zama an miƙa masa takardar gwaji: maleriya da taifot. Kafin awa guda an ɗaura masa ruwa. Ya biya ya tafi yana jin an yi masa aiki, alhali babu wanda ya ɗora hannu a cikinsa ko ya leƙa bakinsa.

Da yawa suna warkewa, domin galibin ƙananan cututtuka da kansu suke tafiya. Amma a kowane dogon layi akwai mutum ɗaya ko biyu da ciwonsu ba na wasa ba ne. Aikin wanda ke zaune a teburin farko shi ne ya tsamo su daga cikin taro, kuma ba zai iya ba sai ya tambaya, ya duba, ya auna. Aiki ne na 'yan mintuna, kusan babu ko sisi a cikinsa, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Wa mara lafiya ke fara gani?

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Fagge mutum kusan dubu 200. Wannan lissafin masu kwana ne. Da rana, Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da tashoshin mota suna jawo fatake daga ko'ina a Arewa, har da Nijar, Chadi da Kamaru. Sabon Gari kuwa, tun da Turawa suka keɓe ta ga baƙi wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, ta zama mahaɗar harsuna. A layi ɗaya na masu jiran ganin ma'aikacin lafiya za ka ji Hausa, Igbo, Yarabanci da burokin.

Yankin bai rasa manyan asibitoci ba. Ga Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa, ga Asibitin Sheikh Muhammad Jidda, ga Asibitin Murtala a cikin birni ba nisa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne likita. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya ba su wuce dubu 55 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma wajen dubu 16 sun fice ƙasashen waje cikin shekara biyar.

Saboda haka wanda talaka ke fara gani, mafi yawan lokuta, ba likita ba ne. Jami'in lafiyar al'umma ne, wanda aka fi sani da CHEW, ko nas, ko ungozoma, ko yarinyar da aka koya wa aiki a asibitin kuɗi, ko mai kemis. Jama'a dai duk "likita" suke ce musu, kuma da wannan yardar suke miƙa musu 'ya'yansu.

Daga malamin asibiti zuwa CHEW

Dogaro da mataimakan likita ba sabon abu ba ne a Kano. Tun zamanin En'e, malamin asibiti ne ke riƙe da ɗakunan shan magani na gundumomi. Makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda ta yaye duba-gari masu yawa, tana nan tun 1932.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya kusa da jama'a, sai Najeriya ta sake lale. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora tsarin ƙasar a kan asibitocin matakin farko. A 1992 aka kafa hukumar da ke yi wa jami'an lafiyar al'umma rajista. CHEW yana karatun shekara uku, ƙaraminsa yana yin biyu, a makarantu irin su makarantun fasahar lafiya na Kano da Bebeji.

Kowannensu ana koya masa aiki da wani kundin ƙa'idoji da ke bin cuta daki-daki: ga tambayar da za ka yi, ga abin da za ka duba, idan ka ga kaza ka ba da kaza, idan ka ga kaza ka tura gaba. A 2014 gwamnatin tarayya ta ƙara musu nauyi, ta fito da manufar sauke wasu ayyukan likitoci da ungozomomi a kansu saboda ƙarancin ma'aikata. Ilimin yana nan a rubuce. Tambayar ita ce ko yana isa teburin da mara lafiya ke zama.

Matambayi ba ya ɓata

Rabin aikin gano cuta a baki yake. Wani bincike da likitoci suka yi a Ingila a 1975 ya nuna cewa a cikin marasa lafiya 80, bayanin bakinsu kaɗai ya isa a gane ciwon 66, tun kafin a taɓa su ko a yi gwaji. Wani kuma a Amurka a 1984 ya gano cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. Idan haka abin yake inda ake da lokaci, ina ga inda mutum ɗaya ke fuskantar benci uku cike da mata da goyo?

Mutanenmu kan zo da sunan ciwonsu a baki. Wannan ya ce basir ne, waccan ta ce sanyi ne, kaka ta ce haƙori ne yake fitarwa. Ma'aikacin da ya karɓi wannan suna ya ɗora magani a kai ya bar mara lafiya ya duba kansa kenan. Wanda ya san aiki sai ya ce, "To Baba, yaya yake yi maka? Yaushe ya fara? Kana ganin jini? Ka rame?" Dattijon da ya wuce hamsin, yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, ba mai neman maganin basir ba ne. Mai neman likita ne da gaggawa.

Akwai tambayoyin da ba a tsallakewa ko da layi ya kai titi. Me aka riga aka sha, na kemis da na gargajiya? Akwai maganin da jiki ba ya so? Akwai sikila, ciwon suga, hawan jini, asma? An yi wa yaro allurar rigakafi? Akwai mai irin wannan ciwo a gida ko a makaranta? Daga ina aka dawo?

Sai tambayar da kunya ke hanawa. Mace mai ciwon mara ba za ta faɗi a bakin kanta, maza na tsaye a bayanta, cewa wata biyu rabonta da al'ada ba. Sai an ja labule, an rage murya, an ce, "Hajiya, yaushe rabonki da gani?" Amsar na iya hana a ba ta maganin da zai cutar da ciki. Tana kuma iya tona cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe jini ke zuba ta ciki, mace ta tafi ana cewa ciwon ciki ne.

Ido, hannu da agogo

Ɗauki yaro ɗan wata takwas da aka kawo da tari da zafin jiki. Ma'aikaciyar da ta ƙware ba ta fara da allura. Tana barinsa a cinyar uwarsa har ya yi shiru, ta ce a ɗaga rigarsa, ta kafa ido a ƙirjinsa, ta duba agogo. Minti ɗaya cur take ƙirgawa, ba rabi ba, domin numfashin yara ba ya tafiya bai-ɗaya.

Idan ta samu 50 ko fiye a yaro ɗan wata 2 zuwa 11, numfashin ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Jariri ƙasa da wata 2 kuwa, 60. Sannan ta duba ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki lokacin da yaron ya ja numfashi, huhu na wahala. Da wannan kaɗai ake raba mura da nimoniya, cutar da ke cikin manyan masu kashe yara a Najeriya.

Wannan hanya tana cikin tsarin kula da cututtukan yara a dunƙule da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, Najeriya kuma ta karɓa. Tsarin ya ware alamomin haɗari da ake fara nema a kowane yaro, komai ƙanƙantar abin da ya kawo shi: ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga ciki ta isa a ba shi taimakon farko a tura shi babban asibiti nan take.

Sauran duk da ido da yatsu ake yinsu. A buɗe tafin hannun yaro a kwatanta da na uwarsa: idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. A mintsini fatar cikinsa a saki: idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, ruwan jikinsa ya ƙare. A danna saman ƙafafunsa biyu: idan yatsa ya bar rami, tamowa ce mai tsanani. A zagaya damtsensa da ɗan tef mai launi uku: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yana nufin yaron na cikin haɗari ko da yana wasa.

Fagge ta yi suna da ɗinki, kuma babu telan da zai sa almakashi a shaddar mutum bai ɗauki awonsa ba. Amma kullum ana ba yara magani ba a ɗora su a sikeli ba, alhali da nauyin yaro ake lissafin abin da zai sha. Idan ya yi kaɗan cutar ba ta mutu ba, idan ya yi yawa hanta ko ƙoda su ji a jikinsu.

Awon jini ba wasa ba ne

Ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Ɗan kasuwa ya yini a shago, kansa na sarawa, ya aika yaro ya sayo maganin ciwon jiki. Wata da watanni yana sha. Irin waɗannan magunguna na ciwon gaɓoɓi kan ƙara hawan jinin, su ci ciki, su lalata ƙoda. Ranar da aka fara auna shi ita ce ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ko awon ma yana da ƙa'ida. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa daidai da zuciya, ba ya magana. Abin ɗaurawa ya dace da kaurin damtse, domin ƙarami a babban hannu yana nuna hawan da babu shi. Idan an samu 140 bisa 90 ko fiye, a sake aunawa, a sake a wata rana kafin a ɗora mutum a kan maganin rayuwa. Idan kuwa ya kai 180 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko harɗewar magana, ba a jiran gobe.

A wajen mai ciki abin ya fi tsanani. Bayan wata biyar, hawan jini tare da ciwon kai, ganin dishi-dishi da kumburin fuska suna shelar jijjigar masu ciki, wadda ta daɗe tana cin rayukan mata a Kano. A nan gida aka ga abin da horo ke iya yi. Daga 2008 aka horar da ma'aikata a asibitoci goma na jihar kan amfani da allurar maganiziyam salfet, sai mace-macen masu wannan ciwo ya faɗo daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Amma maganin ba ya isa ga matar da aka shafa cikinta a wajen awo aka sallame ta ba a auna jininta ba.

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Najeriya ce ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, don haka ba laifi ba ne a fara zarginta. Sai dai abubuwa sun sauya. Binciken ƙasa ya nuna yawan yara masu ƙwayar cutar a jini ya sauko daga kusan kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan 22 a 2021. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya yake buƙata da minti 15 zuwa 20.

Matsalar tana zuwa ne idan gwajin ya nuna babu. Da yawa sai su ce na'urar ce ba ta gani ba, su ba da maganin duk da haka. Alhali a nan ne aikin ya fara: a leƙa kunne, a haska maƙogwaro, a lanƙwasa wuya a ga ko ya sanƙare, a tambayi fitsari, a duba fata.

Shi kuwa taifot, gwajin Widal da ake dogara da shi ya samo asali tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma a gari irin Kano mutane da yawa masu ƙoshin lafiya za su nuna suna da shi. Maleriya ma kan sa ya nuna. Sakamakon haka dubban mutane na shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, ƙwayoyin na sabawa da su, ranar da ake buƙatarsu da gaske sai su ƙi aiki.

Darasin mashaƙo

Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, kuma Kano ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Asibitin Murtala da Asibitin Zana sun cika da yara, har ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta shigo da taimako. Yawancin waɗanda suka kamu ba a yi musu rigakafi ba.

Mashaƙo yana farawa kamar kowane ciwon maƙogwaro: ɗan zazzaɓi, wahalar haɗiya. Bambancin yana cikin baki. Wanda ya ɗauki tocila ya ce yaro ya buɗe baki zai ga wani farin abu mai duhu-duhu ya manne a maƙogwaro, wuya kuma ya kumbura. Maganin da ke karya dafin cutar yana aiki ne idan an ba shi da wuri. Duk kwanan da yaro ya yi yana shan haɗin kemis, ko aka kai shi wajen wanzami a cire beli, dafin na ƙara isa zuciya.

Duba na tsanaki yana kare shi kansa ma'aikacin da sauran jama'a. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan 'yan kwanaki ya kamata ya sa a sa safar hannu, a keɓe mara lafiya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. A 2014 a Legas, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi yarda cewa maleriya ce kawai ke damun wani baƙo daga Laberiya, ta kuma hana shi fita. Ebola ce. Ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20 a ƙasar baki ɗaya.

Me ya sa ake tsallake dubawa?

Na farko cunkoso. Ma'aikaci ɗaya ne ke yanka kati, ya duba, ya ba da magani, ya cike rajistoci. Da yawa daga waɗanda ke riƙe da asibitocin unguwa 'yan sa-kai ne da suka shekara suna jiran a ɗauke su aiki.

Na biyu kayan aiki. Na'urar awon jini ta lalace, ma'aunin zafi ba batir, sikeli ya daina daidai, ba mai gyarawa. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini, wanda idan ya sauka ƙasa da 90 ake neman iskar oksijin, har yanzu ba kowane ɗaki ke da shi ba.

Na uku horo. Makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu ba rajista, kuma gwamnatin jihar ta sha rufe irinsu. Ɗalibi ya haddace alamomin nimoniya ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ƙirga numfashin yaro mai rai a gaban malami ba. Bayan an fara aiki kuma, masu zuwa duba aiki sun fi tambayar rajista da lissafin allurai a kan su zauna su ga yadda ake duba mara lafiya.

Na huɗu kuɗi. Tambaya da dubawa ba su da farashi a rasit. Allura, ƙarin ruwa da gwaji su ke da shi. Inda abincin mutum ya rataya a kan abin da ya sayar, shawarar "koma gida ki ba shi ruwan gishiri da suga" asara ce a wajensa.

Kowa da hujjarsa

Masu kemis na cewa su ne ke buɗe da tsakar dare, su ne ke ba da bashi, kuma ɗan kasuwa ba zai bar shago ya yini a layin asibiti ba. Sukan ce idan suka ƙi sayarwa, na gaba da su zai sayar. Dokar da ta ba su lasisi dai ta taƙaita su ga wasu magunguna, ba ta yarda su yi allura ko ƙarin ruwa ba.

Likitoci na kukan cewa marasa lafiya na iso musu bayan an gama jagwalgwala su, magunguna sun rufe alamomin cutar, ƙoda ta riga ta taɓu. Jami'an lafiyar al'umma kuma na cewa bai kamata a haɗa su da 'yan buga-buga ba: sun yi karatu, suna da rajista, abin da suke nema kayan aiki ne da albashi da ƙarin horo.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu a Kano ta sha rufe wuraren da marasa ƙwarewa ke gudanarwa. A Fabrairun 2024, NAFDAC da hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa sun rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari, ciki har da Malam Kato da Mai Karami Plaza, domin tilasta wa 'yan kasuwar magani komawa sabuwar cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Wannan mataki ne na tsaftace maganin kansa. Amma magani mai kyau da aka ba wanda ba shi ne ciwonsa ba, bai tsinana komai ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mun saba auna ƙwarewa da allura. Wanda ya yawaita tambaya sai a ce bai san aiki ba, wanda ya ɗaura ruwa nan take sai a ce yana da hannu. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara saboda rashin ingancin kulawar da suka samu, fiye da miliyan 3.6 da ke mutuwa saboda ba su je ko'ina ba.

Sanin iyaka

Ƙololuwar ƙwarewar ƙaramin ma'aikaci ita ce ya san inda aikinsa ya tsaya. Ciwon ƙirji mai tafiya hannu da zufa, karkacewar baki, zubar jini ga mai ciki, cikin da ya ƙame kamar katako, jaririn da ya daina kama nono ko jikinsa ya yi sanyi: waɗannan ba na "bari mu gwada wannan mu gani" ba ne.

Turawar ma aiki ce. Ba a cewa "ku tafi Murtala" kawai a juya baya. Ana ba da taimakon farko, a rubuta abin da aka gani da abin da aka auna da abin da aka bayar da lokacinsa, a fahimtar da maigida dalilin gaggawar, domin sau da yawa shi ke yanke hukunci kuma shi zai biya kuɗin mota. Wanda aka sallama gida kuma a gaya masa alamomin da idan ya gani zai dawo ko da tsakar dare ne.

Abin da za a iya yi yanzu

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya na matakin farko. Daga abin da ke isowa asibitocin Fagge, babu dalilin da zai hana kowane ɗakin duba marasa lafiya samun ma'aunin zafi, na'urar awon jini mai abin ɗaurawa manya da ƙanana, sikeli, agogo, tocila, tef ɗin damtse da na'urar yatsa. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na wankin ƙodar mutum ɗaya na 'yan makonni ba.

Makarantu su daina yaye wanda bai nuna da hannunsa ba. Masu duba aiki su riƙa zama a bayan ma'aikaci su ga ya duba mutum biyar, su gyara masa cikin mutunci. Masu kemis, tunda ba za a iya kawar da su daga rayuwar unguwa ba, a koya musu alamomin haɗari da gwajin maleriya, a ba su takardar tura mara lafiya, a kuma hukunta wanda ya mayar da bayan shagonsa ɗakin kwantarwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari na da ƙarfin da za su shirya awon jini da suga ga mambobinsu a kai a kai.

Mai karatu kuma yana da haƙƙin da zai fara nema daga yau. Ka kai mara lafiyar da kansa, kada ka kai labarinsa. Ka tafi da kwalayen abin da ya riga ya sha. Kafin ka karɓi magani ka tambaya cikin ladabi: Malam, me ka gani? Me awon ya nuna? Wace alama zan gani in dawo? Ma'aikacin kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin aikinsa suke ɗaukakawa. Wanda kuwa ba shi da amsarsu, bai duba ba, kuma wanda bai duba ba bai cancanci a karɓi magani daga hannunsa ba.